Tsakanin Kururuwa da Kururutawa: Martani Daga Gaɓar Kwara

Wata maƙala da ta yi yawo a hannun masu sha'awar harshe ta ɗauki matsaya a kan kalmomin da Bahaushe yake amfani da su idan yana nufin an ɗauki al'amari an ba shi girma da zafi fiye da yadda aka saba jin sa, kuma matsayar tata ta tsaya ne a kan ƙafafu uku. Ta farko ita ce wai Hausa ba ta da kalmar kanta da ke ɗaukar wannan ma'ana, don haka gara a rungumi kalmar aro ta dirama a huta. Ta biyu ita ce kambamawa da zuzutawa da kururutawa da ƙarin gishiri duk abu guda ne, wato ƙarya ce aka sa wa riga don kada a kira ta da sunanta. Ta uku kuwa, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce marubucin ya kafa hujja da mutanen ƙasar Yawuri, inda ya nuna cewa labaransu na nutsewar jirage da ambaliya da asarar da madatsar Kainji ta jawo musu misali ne na al'ummar da ta saba mayar da kowane abu wasan kwaikwayo. Niyyar marubucin ta tsarkake zance daga ƙarya abar yabo ce, sai dai ƙafafun nan uku babu wadda ta taka ƙasa sosai, kuma ta ukun tana iya cutar da mutanen da ba su da wani makami a hannu sai muryarsu.

Dangane da batun farko, kalmar dirama ta shigo Hausa ta hanyar Ingilishi, asalinta kuma daga Girkanci ne inda take da alaƙa da aikatawa, kuma babu mai musun cewa ta samu gindin zama tun da gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato suka fara watsa wasanni, daga baya kuma finafinan Hausa suka shiga kowane gida. Amma abin da take nufi a bakin Bahaushe shi ne wasan kwaikwayo, wato mutum ya ari halin wani ko muryarsa ya nuna a gaban 'yan kallo alhali kowa ya san aro ne, kamar yadda ake yi a tashen watan azumi da wasan gauta na gidajen sarauta da barkwancin 'yan kama, tun kafin a rubuta Wasan Marafa na Abubakar Tunau ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Shi ya sa idan aka ce wa mutum ya daina yi wa jama'a dirama, abin da ake tuhumarsa da shi shi ne kukansa na aro ne, babu ciwo a ƙarƙashinsa. Wannan kusurwa ɗaya ce tak daga cikin ma'anar da ake magana a kanta, domin akwai mai ciwo na gaske da ya ɗaga murya, akwai mai yabo da ya ƙawata gaskiya, akwai mai hura wuta don biyan buƙatarsa, kuma Hausa ta ware wa kowannensu kalmarsa. Wanda ya ce a tattara su duka a ƙarƙashin dirama ya nemi harshen ya zubar da kayan aiki huɗu ya riƙe ɗaya, kuma ɗayan da ya riƙe shi ne wanda ke ɗauke da zargin riya.

Kambamawa, a asalin amfaninta, ita ce girmama abu da ɗaukaka shi a idon jama'a, shi ya sa ake cewa an kambama baƙo idan aka tarbe shi da shimfiɗa da yanka, ake kuma cewa wane yana kambama kansa idan ya ɗora kansa a matsayin da bai kai ba. Daga nan ne masana adabi suka ɗauke ta suka mayar da ita sunan wani nau'i na adon harshe, wato dabarun da mai magana ke bi don zancensa ya yi armashi, kuma ɗaliban nazarin waƙa sun san ana lissafa ta tare da kamantawa da siffantawa. Malaman zaure kuwa sun san takwararta a ilimin balaga, wato ilimin fasahar zance na Larabci, da sunan mubalaga. Abin da ya raba ta da ƙarya shi ne fahimtar juna da ke tsakanin mai faɗa da mai ji. Idan maroƙi ya tsaya a ƙofar fada a Yelwa ta ƙasar Yawuri ya kira basarake giwa, ko kuma a bikin Rigata, inda matuƙa ke tseren kwale-kwale a gaban Sarkin Yawuri da jama'arsa, mai kirari ya kira gwanin iyo kada ko dorina, babu wanda zai koma gida yana zaton dabba ya gani, domin kowa ya san kwarjini da sabo da ruwa ake nufi. Maƙaryaci yana so a ɗauki maganarsa a zahirinta, yana kuma ɓoye cewa ya yi ƙari, alhali mai kambamawa a bainar jama'a yake ƙarinsa, kuma da za a ɗauki maganarsa a zahirinta da aikinsa ya lalace.

Zuzutawa kuwa, da 'yar uwarta zugugutawa, kunne yana jin dangantakarsu da zuga, ita kuma zuga aikin maƙera ce kafin ta zama aikin baki. Yaron maƙeri yana zaune a gefen wuta yana danna zugazugai, hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi, har gawayin da ya yi baƙi ya koma ja, ƙarfen da ke cikinsa ya yi laushi ya karɓi duk siffar da masaba ta ba shi. Zuga ba ta ƙirƙirar wuta, sai ta samu garwashi, amma ana yin ta ne don a tausasa wani abu a tanƙwara shi, kuma haka mai zuzutawa yake: yana hura abin da yake akwai da nufin ya juya mai sauraro, kamar dillalin da ke zuzuta saniya a kara don mai saye ya ƙara kuɗi, ko 'yan kanzagin da ke zuzuta ƙarfin saurayi har ya afka rigimar da ta fi ƙarfinsa. A nan tsoron marubucin yana da tushe, domin kalmar da kanta tana nuni da cewa akwai wata riba da mai maganar yake hange, kuma da ya taƙaita sukarsa a kanta da babu wanda zai ɗauki alƙalami ya mayar masa da martani.

Inda kuskuren ya yi tsanani shi ne a kan kururutawa. Hausa tana ƙera aikatau daga suna ta hanyar liƙa masa ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake yi wa kalma a ƙarshenta, kamar yadda tsoro ya haifi tsorata, gaskiya ta haifi gaskata, ƙarya ta haifi ƙaryata, kuma a kan wannan tsari ne kururuwa ta haifi kururuta. Ita kururuwa ihun neman agaji ce, kuma duk wanda ya san zaman bakin ruwa, daga Yelwa zuwa Wara har ƙauyukan Shanga da ke gaɓar kogin Kwara, ya san matsayinta a rayuwar mutanen wurin. Idan kwale-kwale ya kife a tsakiyar ruwa, sau da yawa wadda za ta fara hangowa mace ce mai wanki ko mai sayar da kifi a mashaya, sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, na kusa da ita ya karɓa ya miƙa wa na gaba, Sarkawa da Gungawa su watsar da koma da birgi su tura jiragensu ruwa da filafili a hannu, kuma tsakanin wannan ihu da isar jirgin farko ne ake sanin wanda zai rayu da wanda za a tsamo gawarsa. Muryar da ta fita a tausashe a irin wannan lokaci ta gaza aikinta. Saboda haka kalmar kururutawa fuska biyu gare ta: tana nufin yayata al'amari da babbar murya don a kawo ɗauki, tana kuma zama zargi idan al'amarin bai kai girman ihun ba. Wace fuska ce ta dace da wani zance, wannan hukunci ne da ba a yanke shi sai an auna girman al'amarin, kuma marubucin ya yanke shi ne tun kafin ya ɗauki ma'auni.

Ƙarin gishiri shi ne mafi kusa da abin da marubucin ke gudu, domin shi ne ke taɓa ainihin labari, inda mutum biyar kan koma goma, kadada ɗaya ta koma gandu. Duk da haka, ko wannan salon magana yana tabbatar da cewa akwai miyar, gishirin ne ya yi yawa, alhali ƙarya tsagwaronta tukunya ce da babu komai a cikinta. Daga wannan bayani ma'auni mai sauƙi yake fitowa, wanda kowane mai karatu zai iya amfani da shi: a cire zafin murya da adon harshe daga zance, sannan a duba ko suna da wuri da rana da adadi suna nan daram. Idan suna nan, mai maganar bai yi ƙarya ba ko da ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Idan sun gushe, maganarsa ta ɓaci ko da ya faɗe ta a natse kamar mai karanta takardar ofis.

Idan aka ɗora labaran ƙasar Yawuri a kan wannan ma'auni, hujjar marubucin ta uku ba ta tsayuwa. A ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwan da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ya nufi Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya tarwatse a cikin kogi. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa sun ce yana ɗauke da mutum wajen 180, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne, kuma gawarwakin da aka ci gaba da tsamowa a kwanakin da suka biyo baya sun haura 70. Gaskiya ne an samu saɓani a kan adadin fasinjojin, wasu rahotanni suka faɗi ƙasa da haka wasu suka faɗi sama, amma tushen saɓanin shi ne jiragen da ke zirga-zirga tsakanin kasuwannin gaɓar ruwa ba sa rubuta sunayen waɗanda suka shiga, ana loda mutane tare da babura da buhuna har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Rashin rajista aibin tsarin sufuri ne, kuma ba adalci ba ne a ɗora shi a kan harshen waɗanda suka rasa 'yan uwansu. Ko da an ɗauki adadi mafi ƙanƙanta, babu wata kalma a Hausa da ta yi wa wannan rana girma, kuma mahaifiyar da ta ce ruwa ya cinye gidanta, alhali 'ya'yanta ne suka tafi ginin yana tsaye, ta yi kambamawa irin ta adabi wadda kowa ya gane nufinta, ba ta kuwa faɗi abin da ya wuce ciwonta ba.

Haka batun Kainji yake. An fara gina madatsar a 1964 aka kammala a 1968, tafkin da ya taru a bayanta ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, kuma an tashi mutum kimanin 44,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni, ciki har da mutanen tsohuwar Busa da ta nutse aka gina sabuwa, da Gungawa waɗanda sunansu ma daga gungu yake, wato tsibirin da ke tsakiyar kogi, inda suke noma da su tun kaka da kakanni. Idan dattijo daga cikinsu ya ce an binne garinsu da rai, ya zaɓi kalma mai zafi, amma gonakin da kushewun iyaye suna ƙarƙashin ruwa har yau, haka ma kututturan itatuwan da tafkin ya shanye, waɗanda ke cikin abubuwan da ke fasa jirage. Ya kamata kuma a tuna cewa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, wadda aka fi sani da HYPPADEC, dokar kafa ta ta fito ne a 2010, fiye da shekara 40 bayan kammala madatsar, sannan ta ɗauki kusan wasu shekaru 10 kafin ta fara aiki sosai. Al'ummar da ta jira tsawon wannan lokaci kafin a kafa hukumar da za ta dubi asararta ba ta cancanci a ce ta cika ihu ba. Abin da tarihin ya nuna shi ne ihun ya daɗe bai isa kunnen da ya kamata ba.

Misali na uku ya fi nuna aikin da kururuwa ke yi. Makonni uku bayan haɗarin Wara, a ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai masu yawa da wasu malamai. An sako wasu rukuni-rukuni, amma 'yan mata 11 suka rage a daji, hankalin ƙasa kuma ya koma kan wasu al'amura, har sai da iyayensu suka fito suka yi ta magana a kafafen watsa labarai suna neman taimakon jama'a, kuma na ƙarshe a cikin yaran ba su kuɓuta ba sai a 2023. Abin da iyayen nan suka yi kururutawa ce a ma'anarta ta asali, wato sun hana maganar mutuwa, sun mayar da ita bakin mutane duk lokacin da ta nemi kwantawa. Da sun bi shawarar da ke cikin maƙalar, suka sassauta murya don gudun a ce sun yi dirama, da sun saki igiya ɗaya da ta rage a hannunsu.

Wannan martani ba ya musun cewa akwai ɓarna a fagen. Tun da wayar hannu ta shiga ƙauyuka, an sha ganin hoton tsohon haɗari ana yaɗa shi a Facebook da WhatsApp da sunan sabo, an sha jin adadin mamata ya ninka kafin labari ya je gari na uku, kuma a lokacin ambaliya irin ta 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ba a rasa wanda zai ƙara wa asararsa gishiri don sunansa ya shiga jerin masu karɓar tallafi. Irin wannan yana cutar da masu gaskiya kafin kowa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka kama ƙari ɗaya sai a yi shakkar labari goma na gaskiya. Sai dai maganin wannan cuta shi ne a ƙarfafa abin da ke tsayar da adadi, wato rajistar fasinjoji a mashigar jirage, da ƙidayar gonaki tare da masu unguwanni da sarakunan ruwa, da ɗan jaridar da zai taka ya je wurin da ƙafarsa, tun da gani ya kori ji. Haɗe kalmomin huɗu a kira su ƙarya ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana dai ba wanda ba ya son a dame shi kalmar da zai rufe bakin mai kuka.

A nan ne ya kamata a lura da wani abu da maƙalar ta tsallake, wato daga wane baki kalmar ke fitowa kuma a kan wa take sauka. Da wuya a ji an ce mai mulki ya kururuta aikin da ya yi, ko da an tara makaɗa da 'yan jarida don buɗe rijiya ɗaya. Galibi talaka ne ake ce wa ya kururuta idan ya faɗi abin da ya same shi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kuma asarar da rashin kururuwa ke jawowa, kuma ƙasar Shanga da kanta shaida ce. Harshen Shangawa, wanda masana ke sanyawa a rukunin harsunan Mande tare da na Kyangawa da na Busawa, ya ja baya har ya rage a bakin mutane kaɗan a wasu ƙauyukan gaɓar kogi, mafi yawan masu shi sun koma Hausa, kuma wannan ya faru ne sannu a hankali ba tare da wani ihu da ya tashi ƙasa ba. Abin da ba a yi masa kururuwa ba yakan tafi salin-alin, sai bayan ya yi nisa a fara tambayar yaushe ya tafi.

Abin da ya dace da marubuta da masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo, har da masu aikin ƙamus irin na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, shi ne su bar kowace kalma a mazauninta. A ce dirama ko wasan kwaikwayo idan ana nufin kwaikwayo, ko kukan da babu ciwo a bayansa. A ce kambamawa idan ana nufin ɗaukaka abu da adon da mai ji ya san ado ne. A ce zuzutawa idan akwai mai hura wuta don ribarsa. A ce ƙarin gishiri idan an taɓa adadi ko an sauya yadda abu ya auku. Kururutawa kuwa kada a jefi kowa da ita a matsayin zargi sai an je an auna abin da ya sa shi ihu. Mutanen gaɓar Kwara sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida a aikace, domin idan ihu ya tashi daga mashaya, masunci ba ya tsayawa tantance ko mai ihun ta cika baki. Yana tura jirginsa ruwa ne tukuna, in ya so bayan an dawo tudu a zauna a ƙirga waɗanda aka samu da waɗanda ba a samu ba.